Masu Dakon Magana

A wani lungu na New Bell a birnin Duwala, tsakanin Kasuwar Kongo da unguwar Hausawa, akwai shaguna biyu da bango ɗaya ya raba. Na dama na wani Alhaji ne mai sayar da yadi, na hagu kuma na wani tela. Mu bar su a Alhaji da Tela, tunda haka 'yan layin ma suke kiransu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan duk wanda ya sayi shadda a dama taku uku yake yi ya miƙa ta a hagu. Tare suke jan ƙofa su tafi Juma'a, tare suke shan ruwa da azumi, in ruwan Agusta ya cika magudana ya kutso shaguna tare suke kwasar kaya.

Babu mai kiran ɗayansu sakarai. Alhaji in ka miƙa masa takardar sefa dubu goma sai ya ɗaga ta ya duba a haske. In dillali ya kawo sabuwar shadda sai ya zaro zare ɗaya daga gefe, ya ƙyasta ashana, ya shinshina, ya san auduga ce ko roba. Tela kuwa ba ya sa almakashi sai ya gwada sau biyu, ko da mai kayan na tsaye yana ƙorafin sauri.

Siyasa ce kaɗai ta raba musu hanya, kuma kowa da tabonsa. A ƙarshen Fabrairun 2008, da Duwala ta yi bore kan tsadar mai da abinci da shirin cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, an fasa ma'ajiyar Alhaji an kwashe jarin shekara goma. A makon nan dai aka kama ƙanen Tela a bakin titi, aka yi masa shari'ar gaggawa, ya yi watanni a kurkukun New Bell, ya fito da tarin da bai rabu da shi ba. Alhaji dama ya gaji bin gwamnati daga mahaifinsa tun zamanin Ahmadu Ahijo, sai ya ƙara riƙe jam'iyyar gwamnati, RDPC, da hannu biyu. A wurinsa mai kiran sauyi da mai fasa shago uwarsu ɗaya. Tela kuma duk wanda ya tsaya ya ja da shugaban ƙasa Paul Biya nasa ne, ko daga wace ƙabila ya fito.

A bakin shagunan wata bazawara ke suyar ƙosai da makala, ana ce mata Iya. Tana da ɗa namiji guda, ɗan farinta, wanda ba ta kama sunansa sai dai ta ce yaron nan. Yaron yana jan bensikin, wato acabar Duwala, a babur ɗin wani mai kuɗi da yake kai wa balas kowace yamma. Alhaji da Tela duk Kawu yake ce musu, duk aikensu yake yi kyauta.

A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya shigo wayoyin layin. Hanyar ƙauye ce mai ƙura, duwatsu a baya. Mata biyu, ɗaya da goyo, ɗaya ana jan 'yar ƙaramar yarinya a gefenta, maza masu kaki na tura su gaba suna ce musu 'yan Boko Haram. Aka durƙusar da su a gefen hanya, aka rufe musu ido, aka buɗe wuta. Har goyon.

Tela ya faɗa shagon Alhaji hannunsa na rawa. “Alhaji, dubi abin da sojojinku suka yi a Arewa Mai Nisa.”

Alhaji ya kalli rabi ya ture wayar. “Malam, wannan Mali ce. Tun safe aka turo mana bayani. Ministan sadarwa da kansa ya fito ya ce ƙage ne. Issa Tchiroma Bakary fa, mutumin Garwa, wanda ya sha ɗaurin shekara shida bayan yunƙurin juyin mulkin 1984. Shi ne zai rufe jinin 'yan arewa?”

“Wannan bakin gwamnatin? Ko Alƙur'ani ya dafa ba zan yarda da shi ba.”

Kafin magariba Alhaji ya tura wa duk wanda ke wayarsa saƙon da ke cewa Mali ce. Bai san Mali ba, bai san duwatsun Mandara ba, bai tsaya ya saurari irin Faransancin da ke bakin masu kakin ba.

Wasu sun tsaya. Ƙungiyar Amnesty ta ce sojojin Kamaru ne. A watan Satumba sashen binciken BBC ya fitar da aikinsa: sun ɗauki zanen ƙololuwar dutsen da ke cikin bidiyon suka yi ta gwadawa da hotunan tauraron ɗan'adam har ya dace da wani wuri kusa da Zelevet, dab da iyakar Najeriya, suka auna inuwar masu tafiya suka gano kisan ya auku ne tsakanin Maris da Afrilun 2015, suka gane samfurin bindigogin da kakin. Tun a Agusta ma gwamnatin da ta ce ƙage ne ta sanar da kama sojoji bakwai. A Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, ta sallami biyu.

Ranar da hukuncin ya fito Alhaji cewa ya yi, “Ka gani? Gwamnati ba ta ɗaure wa kowa gindi.” Bai koma ga ko mutum ɗaya cikin waɗanda ya gaya wa Mali ce ba. Matan nan biyu da 'ya'yansu an kashe su, an kuma yi shekara biyu ana musun cewa a ƙasarsu aka kashe su, da bakin mutanen da suke sallah ɗaya da su.

Abin da ke ci mini rai a shekarar 2018 shi ne inda dokar ta faɗa. Kamaru na da dokar Disambar 2010 da ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga mai yaɗa labarin da ba zai iya kafa hujjarsa ba. A Nuwamban 2018 an kawo 'yar jarida Mimi Mefo ta gidan talabijin na Equinoxe nan kurkukun New Bell bisa zargin yaɗa labarin ƙarya, ta yi kwanaki kafin a sake ta. Wanda ya kira bidiyon gaskiya ƙage kuwa yana kan kujerar minista. Mutumin da ya ga haka, yaya za a yi ya yarda cewa don gaskiya aka yi dokar?

Tela ya yi ta yi wa Alhaji gori, alhali nasa na rataye a bayansa. A Afrilun 2020, da annobar korona ta shigo shugaban ƙasa ya yi makonni ba a gan shi ba, Tela ya rantse shugaban ya riga mu gidan gaskiya. Da aka nuna hotonsa tare da jakadan Faransa Christophe Guilhou a fadar Etoudi, ya ce haɗi ne, ya tura wa jama'a hoton da aka zana wa jajayen da'irori wai ga inda aka liƙa kai. A Oktoban 2024 maganar ta dawo, har ministan cikin gida Paul Atanga Nji ya hana kafofin labarai tattauna lafiyar shugaban, abin da ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi. Tela ya aiki yaron Iya ya sayo masa buhun shinkafa, ya ce kowa ya tanadi abinci, wani na kusa da wani a Janeba ya tabbatar. Ran 21 ga Oktoba jirgi ya sauka a Nsimalen, mutumin ya fito da ƙafarsa. Tela ya ce mai kama da shi ne, ai an yi haka a Najeriya. Yana nufin tatsuniyar Jibrin na Sudan, wadda ta kai har Muhammadu Buhari ya tsaya a Polan a Disambar 2018 yana gaya wa 'yan ƙasarsa shi ne da kansa. Ƙaryar wata ƙasa ta zama shaidar ƙaryar wata.

Alhaji ya yi dariya ranar har da hawaye. Ya manta shi ne bayan zaɓen 2018 ya yi ta yawo da bidiyon wasu Turawa da gidan talabijin na gwamnati ya nuna a matsayin masu sa ido na Transparency International suna yabon zaɓe, ƙungiyar kuma ta fito ta ce ba ta aiko kowa ba.

Kada a ɗauka rashin yardar Tela daga sama ta faɗo. Mutanen Duwala ba su manta 21 ga Oktoban 2016 ba. Da safe aka yi ta yaɗa tsohon hoton wani hatsarin jirgin ƙasa, hukuma ta ƙaryata, kafin la'asar jirgin gaske da aka ƙara wa taragu ya kife a Eseka, mutum 79 suka mutu a ƙirgen gwamnati. Ba su manta Ngarbuh ba, inda aka musanta kisan fararen hula na Fabrairun 2020, aka dawo a Afrilu aka amsa. Gwamnatin da ta saba musun abin da ya faru ita ta koya wa talakawanta yarda da abin da bai faru ba. Amma wannan bai wanke Tela ba, don ba kowane labari yake haɗiya ba. In labarin ya taɓa nasa, nan take idonsa na tela yake dawowa, ya ga inda ɗinki ya karkace.

Masu bincike a wasu ƙasashe sun auna wannan hali. A 2018 malaman jami'ar MIT ta Amurka sun bi sawun labarai kusan 126,000 a Twitter, suka ga na ƙarya sun fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne ke yi, ba injuna ba. A 2021 wasu na jami'ar Aarhus ta Denmak suka duba Amurkawa fiye da dubu biyu masu amfani da Twitter, suka ga abin da ya fi nuna wanda zai tura labarin bogi ba ƙarancin sani ba ne, ƙiyayyar ɗaya jam'iyyar ce. Wanda ya zauna mako guda a bakin kaskon Iya zai gane haka ba sai an kai shi Denmak ba.

Sai ga Yunin 2025. Tchiroma, wanda tun 2019 aka mayar ma'aikatar ayyukan yi da koyon sana'a, ya ajiye muƙami ya ce zai kara da Biya a ƙarƙashin jam'iyyarsa ta FSNC. Da aka hana ɗan adawa Maurice Kamto tsayawa, masu neman sauyi suka kwararo gare shi. Kafin Satumba hotonsa na manne a saman keken ɗinkin Tela.

“Malam,” in ji Alhaji, “mutumin da ya kalli duniya ya ce bidiyon Zelevet ƙage ne, shi za ka ba amanar ƙasa? Maƙaryaci ne mai lasisi.”

“Alhaji, aiki aka sa shi. Yanzu ya dawo hanya, ya nemi gafara. Shi ya san cikinsu, duk abin da ya faɗa a kansu gaskiya ne.”

Bidiyon da Alhaji ya ture ya zama makaminsa. Bakin da Tela ya ce ko da Alƙur'ani ba zai gaskata ba ya zama hujjarsa. Babu wanda ya lura a cikinsu, kuma da ka gaya musu sun sauya ra'ayi za su ce ƙazafi kake yi, don a ganinsu ba su motsa ba. Gaskiya ne ba su motsa ba. Mutumin ne ya ƙetare titi.

Aka yi zaɓe ran 12 ga Oktoba. Tun daren wayoyi suka cika da hotunan takardun sakamakon rumfuna, waɗanda kowa ke kira PV, da na allunan makaranta da aka rubuta ƙuri'u da alli. Da yawansu na gaske ne. Samari ne suka tsaya cikin duhu da fitilar waya suka ɗauka, suna sane da abin da zai iya biyo baya. A cikinsu aka cusa waɗansu. Wata takarda ta zo wa Tela, ƙuri'un da aka ba gwaninsa sun fi yawan waɗanda suka yi rajista a rumfar. Mai lissafin yadi da rabi da kwata bai tara lambobi uku ba, ya tura. Washegari zauren su Alhaji na waya ya cafke wannan takarda guda, ya zama da ita ake jifan sauran duka: kun gani, PV ɗinsu na bogi ne. Wahalar samarin nan ta daren zaɓe, Tela da hannunsa ya taimaka aka zubar da rabinta. Alhaji kuma yana tura bidiyon wata gobara da wawaso, wai ga abin da 'yan adawa suka fara a Garwa, alhali allunan shagunan da ke ciki ba da Faransanci aka rubuta su ba.

Tchiroma ya ce shi ya ci. Hukuma ta ce a jira Majalisar Tsarin Mulki. Ran Lahadi 26 ga Oktoba New Bell ta kama da wuta: duwatsu, tayoyi, barkonon tsohuwa, sannan harsashi. Gwamnan Littoral ya ce an kai wa jandarmomin Nkoulouloun da ofisoshin 'yan sanda hari, mutum huɗu sun mutu. Washegari aka bayyana Biya da kashi 53.66, Tchiroma da 35.19. Daga baya gwamnati ta ce mutum 16 suka mutu a faɗin ƙasa, kamfanin labarai na Reuters ya ruwaito majiyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na cewa 48. A layin su Alhaji kowa ya ɗauki adadin da ya yi masa.

Ranar Lahadin yaron Iya yana kan babur. Ya ga wani matashi kwance jini na zuba daga cinyarsa, ya tsaya, aka ɗora masa shi, wani ya riƙe ta baya, ya nufi asibiti. A hanya jandarmomi suka tare shi, ya sauka ya yi ta roƙo yana nuna musu jinin har suka bar shi ya wuce. Mutum biyu suka ɗauki hotonsa a wurare biyu.

Ran Talata saƙon murya ya shigo zauren su Tela, da Hausa da Faransanci a haɗe, muryar da babu wanda ya san mai ita: a yi hattara da wani ɗan bensikin mai jar hular kwano, babur ɗinsa na da tsagaggen madubi, an gan shi yana magana da jandarma yana nuna musu da hannu, shi ke nuna gidajen yara. Tela ya ƙara da nasa, “A tura don Allah, ceton rai ne,” ya watsa. A ranar dai wani hoto ya shigo zauren su Alhaji, samari cikin hayaƙi, an kewaye fuskokin uku da ja, an rubuta ga masu ƙone-ƙone, wanda ya san su ya kai rahoto. Alhaji bai buɗa hoton ya duba da kyau ba. Ya tuna 2008, ya tura.

Daren Laraba wasu samari suka zo ƙofar Iya da gorori. Asubar Alhamis wasu masu farin kaya suka zo suna tambaya. Yaron ya riga ya haura katanga. Wani direban babbar mota ya ɓoye shi zuwa Yawunde, daga can ya hau jirgin Ngaundere wurin dangin ubansa. Mai babur ya aiko aka ɗauke abinsa. Kaskon Iya ya kife.

Alhaji ya ce 'yan iskan adawa sun kori yaron kirki. Tela ya ce karnukan gwamnati ne. Kowa ya yi baƙin ciki da gaske.

Akwai wani tsohon wanzami da ke zagayo layin duk Alhamis, jikansa na riƙe masa da zabira. A New Bell aka haife shi, ya ba saba'in baya da nisa, kan rabin unguwar ya bi ta ƙarƙashin askarsa, kuma matan unguwa ba sa ɓoye masa magana. Ya zo bayan mako biyu. Ya zaunar da Alhaji a benci tsakanin shagunan, ya jiƙa masa kai, Tela na daga ciki yana taka keke yana jiran layi. Tsohon bai dubi kowa ba sai jikansa.

“Kai yaro, wasa mini ɗayar. Ka san kasuwar nan ta Kongo da can unguwa ce? Gidajen katako ne manne da juna, yawancinsu na Bamileke. Ina ɗan shekara goma sha biyu, wata huɗu da samun 'yancin kai. 'Yan UPC na yaƙi da gwamnatin Ahijo da Faransawa. Mu ana ce mana mutanen Ahijo, su ana ce musu mutanen UPC. Da dare a kashe mutum, da safe kowane ɓangare ya wayi gari da sunan wanda ya yi.

“Akwai wani bawan Allah a unguwarmu. Ɗan sahun gaba ne, ba ya cin bashi, ban taɓa jin ya ƙagi ƙarya ba. Sai dai in ya ji magana a kan mutanen Kongo, takalmi yake nema. Gida-gida, zaure-zaure. Sun tara adduna. Sun ce ba za su bar Bahaushe ba. In an tambaye shi wa ya gani, sai ya ce shi dai haka ya ji, kuma gara a sani. In kuwa maganar a kan namu ce, nan take zai tuna maka ayar Hujurati ta bincike, ya ce a kawo shaidu. Can Kongo su ma suna da nasu mai irin wannan hali. Babana ya san shi, shi ke yi masa aski. Mutumin kirki ne shi ma, ba ya fashin coci.”

Askar ta tsaya a tsakiyar kan Alhaji, ta ci gaba.

“Ran Lahadi 24 ga Afrilun 1960 wuta ta tashi da rana. Na ga hayaƙin ya rufe rana. Na ga mace na gudu da tabarma a ka, ta manta ba ɗanta ba ne a ciki. Hukuma ta ce mutum 19 suka mutu, dubu biyar suka rasa wurin kwana. Mutanen Kongo suka ce nasu ba su ƙirgu ba. Wasu suka ce namu ne suka kunna don ramuwar gayya. Wasu suka ce soja ne, har da jirgin sama. Shekara sittin da biyar ke nan, kowa na riƙe da wadda ta wanke nasa, ya gadar wa 'ya'yansa.

“Washegari bawan Allahn nan ya zo zauren babana yana salati. Ya ce, wallahi Malam ban taɓa ashana ba. Gaskiya ya faɗa. Babana ya ce masa, ko wane ne ya ƙyasta, ya tarar da gari a jiƙe. Ɗan dako a tashar jirgin ruwa ma yakan tambayi abin da ke cikin buhu kafin ya ɗora a ka. Kai wata huɗu kana dakon kananzir gida-gida, ba ka taɓa shinshinawa ba, don an ce maka gidan maƙiyi za a kai.”

Yaron ya ce, “Kaka, mutumin yana nan?”

“Ya rasu tuntuni, Allah ya gafarta masa. Shi da ƙafa yake yawo. Kafin ya gama gida ashirin rana ta faɗi, dole ya koma ya kwanta. Miƙo ruwa.”

Keken Tela ya daɗe da yin shiru. Alhaji ba halin motsa kai. Da aka gama ya biya, tsohon ya juya ya ce, “Malam Tela, bismilla,” kamar bai faɗi komai ba.

Da daddare kowannensu ya koma cikin wayarsa shi kaɗai. Alhaji ya buɗa hoton da yatsa biyu, ya ga fuska ta uku. Tela ya sake sauraren muryar, ya tuna ranar da shi da kansa ya ce wa yaron ya canja madubin nan kafin 'yan sanda su tare shi.

Bayan isha'in Juma'a suka je ɗakin Iya, ba tare ba, a ƙofa suka haɗu. Ta shimfiɗa musu tabarma, suka gaisa, ta bari suka gama kame-kamensu.

“Alhaji, Malam, na ji. Yaron nan tun yana rarrafe yake ƙarƙashin benci naku. Ban zo da shari'a ba. Mutum nawa kowannenku ya aika wa?”

Tela ya ce zaure huɗu. Alhaji ya ce shida, ban da ɗaiɗaiku.

“To ku koma musu. Da muryarku, da sunanku, yadda za a san mai magana. Ku ce kun tura abin da ba ku gani ba, ku faɗi abin da ya yi ranar Lahadin. Iyayen yaron da ya kai asibiti suna nan Nkoulouloun, za su shaida. In an daina nemansa sai ya dawo.”

Suka ce insha Allahu.

Tela ya yi saƙon, amma ya ce wai an samu kuskure a wani bayani da ya zagaya, bai ce shi ya zagaya da shi ba. Ko hakan ma wani a zauren ya tambaye shi nawa aka biya shi, aka cire shi daga biyu cikin huɗun, saƙon bai wuce inda ya ajiye shi ba. Na farkon kuwa ya riga ya kai Bonaberi, an ƙara masa lambar babur. Alhaji ya goge hoton daga wayarsa. Ya ɗauki wayar sau da dama zai yi magana, sai ya tuna manyan jam'iyya da ke cikin zauren, da kwangilar atamfar 8 ga Maris da yake nema, ya ajiye. A maimakon haka ya sa sefa dubu ɗari a ambulan ya ba ƙanwar yaron ta kai gida, ya ce a rage asara.

Yarinyar ta dawo da ambulan ɗin ba a buɗe ba. Ta durƙusa ta ce, “Kawu, Iya ta ce a gaishe ka, ta gode. Ta ce yayana ya kira jiya daga Ngaundere yana tambaya ko ya taho, ta ce masa tukuna. Ta ce in tambaye ka zaure nawa suka rage.”